Ina Tonon Ƙasa, Ina Tangaɗi Baya: Ina Gyaran Yake?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗan kasuwa ne, ina sayar da kayan gyaran mota a Suame Magazine, gidana kuma yana Aboabo a nan Kumasi. Shekarata 54. Shekara biyu ke nan da likita ya ce in nemi abin da zai riƙa sa ni tafiyar ƙasa, sai wani abokina ya ja ni wasan golf, kuma wasan ya shiga raina. Damuwata ita ce, in na ɗauki sandar ƙarfe mai lamba 7, ko dai in tono ƙasa tun kafin in kai ga ƙwallon, ko in daki samansa ya yi ta gudu a ƙasa kamar ɓera. Da na buga kuma sai in ji ina tangaɗi baya, wani lokaci sai na ja ƙafa don kada in faɗi. Abokan wasana kullum cewa suke yi ɗaga kai nake yi, in kafe kaina ƙasa. Na kafe har wuyana yana ciwo, ba abin da ya sauya. Da hannun dama nake bugu. Ina gyaran yake?

Wani Alhaji, daga Aboabo

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ƙara lafiya, ya sa wa kasuwa albarka. Da farko ka saki wuyan nan naka, ba shi da laifin komai. Ciwon yana can ƙasa, a tafin ƙafarka.

Abu biyun da ka lissafa, tonon ƙasa da dukan saman ƙwallo, uwa ɗaya uba ɗaya suke. Kan sanda da'ira yake yi: ya sauko, ya kai inda ya fi kusa da ƙasa, ya sake tashi. Wurin nan da ya fi kusa da ƙasa ba a kafe yake ba, yana bin inda nauyin mai bugu yake. In nauyinka yana kan ƙafar dama a lokacin da sanda ta iso, gindin da'irar zai faɗo bayan ƙwallon, sai ka tono ƙasa. Jikinka kuwa ba ya son wannan girgizar da ke hawa hannu har kafaɗa, don haka a bugu na gaba sai ya ɗan takure hannuwa ba da saninka ba. Sanda ta tsallake ƙasa, ta iso ƙwallon tana kan hanyar tashi, ta daki samansa. Tangaɗin da kake yi baya shi ne shaidar da ta fi kowace ƙarfi. Wanda ya gama bugu yana komawa baya, nauyinsa yana kan ƙafar dama ne a lokacin da sanda ta iso.

Me ke riƙe mutum a ƙafar baya? A yawancin waɗanda na koya wa, tausayin ƙwallo ne. Mutum ya ga ƙwallo kwance a ciyawa, yana so ya tashi sama, sai zuciyarsa ta ce masa ya shiga ƙarƙashinsa ya kwaso shi kamar mai ɗiba da ludayi. In za ka yi kwasa kuwa dole ka jingina baya. Alhaji, ɗauki sandar nan mai lamba 7 ka dubi fuskarta da kyau. A kishingiɗe take, kwanciyarta yawanci takan kai digiri 30 zuwa 34, gwargwadon kamfanin da ya ƙera ta. Maƙerin ya riga ya gama aikin ɗaga ƙwallo tun a masana'anta. Kai da ke Suame ka fi ni sani, in an sa wa mota jak, ba wanda zai sake tura bayansa ƙarƙashinta wai yana taya jak ɗin ɗagawa. Naka shi ne ka kawo sandar tana saukowa, ta fara samun ƙwallon, sannan ta ɓanci ciyawa a gabansa.

Ni ta wajen ɗaukar wa 'yan wasa jakar sanduna na shigo wannan wasa, ina yaro daga Asawase. Mai ɗaukar jaka a gefe yake tsayawa, kuma abin da idonsa ya fi gani ƙafafun mutane ne. Akwai wani dattijo cikinmu, Allah ya jiƙansa, da in muka fito da sassafe, raɓa ba ta bushe ba, yakan kai ni inda ƙwararru suka yi atisaye jiya da yamma. Sai ya tsuguna ya sa yatsa a cikin ɓantaren ciyawar da sanda ta cire, ya ce in duba inda ramin ya fara. Kullum a gaban mazaunin ƙwallo yake farawa, siriri, mara zurfi, tsawonsa kamar takardar kuɗi. Daga nan ya kai ni wajen 'yan koyo, in ga ramuka masu zurfi kamar an yi saran gatari, duk a bayan inda ƙwallo yake. Bai taɓa ce min in kalli kan kowa ba. Har yau in mutum ya zo min da kuka irin naka, ƙasa nake fara dubawa kafin in dube shi.

Yanzu akwai faranti mai na'ura da ake tsayawa a kai, yana auna yadda kowace ƙafa ke danna ƙasa, kuma abin da yake nunawa bai saɓa wa abin da dattijon nan ya gani da ido ba. Ƙwararre yakan tsaya da nauyinsa a rabe kusan daidai. In ya ja sanda baya, kashi 70 zuwa 80 cikin 100 yakan koma ƙafar dama. Lokacin da sandar ƙarfe ta haɗu da ƙwallo, wajen kashi 80 ya riga ya dawo ƙafar hagu, kuma in ya gama kusan duka yana can, ƙafar dama ɗan yatsanta kawai ke taɓa ƙasa. Abin da ya fi muhimmanci a ciki shi ne lokacin da komawar ke farawa. Ƙafar hagu tana fara danna ƙasa tun sanda ba ta gama hawa sama ba. Saukowar sanda daga sama zuwa ƙwallo kusan kwata na daƙiƙa ce. In ka bari sai sanda ta fara saukowa sannan ka tuna da ƙafa, an riga an tashi kasuwa.

Wannan ba sabon abu ba ne ga jikinka. Ka tuna jifan mangwaro da kuka yi kuna yara. Hannu yana can baya da dutse, ƙafar hagu ta riga ta taka gaba, ƙugu ya juya, ƙirji ya biyo, hannu ne na ƙarshe. Ba yaron da ake koya wa haka. Ɗan dambe ma in zai kai naushin kisa, daga ƙasa yake taso da shi, ƙafa ta ci gaba, hannun da aka naɗe ya zo daga baya. Jikinka ya san wannan jerin sarai. Ƙwallon da ke zaune shiru a gabanka ne ke sa ka manta.

Sai dai akwai tarko a nan, kuma ina so ka kula, don mutane da yawa sun gudu daga wannan ciwo sun faɗa wanda ya fi shi. In an ce nauyi ya koma dama, ba ana nufin ka zame da ƙugunka gefe kamar ƙofar shago mai turawa ba. Juyawa ake yi. Aljihun wandonka na dama ya koma baya, ka ji nauyin ya sauka a cikin dunduniyar dama ta ɓangaren ciki. Da ka ji ya gangara gefen takalmi na waje, to ka wuce gona da iri, kuma dawowa cikin kwatan daƙiƙa ba za ta yiwu ba. Akwai kuma ɗaya tarkon, wanda shawarar abokanka ke haifarwa. Wanda ya ƙudurta cewa kansa ba zai motsa ko kaɗan ba, in ya ja sanda baya sai kafaɗarsa ta hagu ta nutse, nauyi ya zauna a hagu, sannan wajen saukowa ya koma dama. Ya yi abin a juye ke nan. Ina da yaƙinin ciwon wuyanka daga nan ya samo asali. Bar kanka ya ɗan juya tare da kafaɗu, in ƙwallo ya tafi kuma ka bi shi da ido.

To ga abin da za ka yi, kuma a tsakar gida za ka fara, ba ƙwallo. Haɗe ƙafafunka wuri ɗaya, riƙe sandar, ja ta baya a hankali. Kafin ta kai ƙarshe, ɗaga ƙafar hagu ka taka gefen hagu, taku ɗaya daidai faɗin kafaɗa, sannan ka saki sandar ta biyo. Taku tukuna, bugu daga baya. In ka ji sandar ta riga ƙafar, tsaya ka sake. Sau ashirin bayan sallar asuba ya isa, kuma cikin mako guda za ka fara jin ƙarar sandar a iska ta koma gefen hagunka, ba damanka ba.

In ka je fili, nemi wurin yashi ko ƙasa mai laushi ka ja layi da sanda. Tsaya layin yana tsakiyar ƙafafunka, ka yi ta bugun layin ba ƙwallo. Duk tambarin da sanda za ta bari ya fara daga kan layin ya yi gaba. Wannan layi ba ya ƙarya kuma ba ya jin kunyarka, abin da aboki ba zai iya faɗa maka ba shi zai faɗa. Sai ka samu takwas cikin goma a gaban layi sannan ka ɗora ƙwallo a kai, kuma da rabin ƙarfi za ka fara. Kowane bugu ka gama, tsaya cak ka ƙirga uku: cibiyarka tana kallon inda ka nufa, gwiwar dama ta matso kusa da ta hagu, wanda ke bayanka yana ganin ƙasan takalminka na dama gaba ɗaya. In ka iya ɗaga ƙafar daman nan daga ƙasa ba ka yi tangaɗi ba, nauyi ya isa inda aka aike shi. Ranar da abin ya ƙi, yi irin na Gary Player, ɗan Afirka ta Kudu da ya ci manyan gasannin duniya 9. An san shi da yin taku gaba da ƙafar dama bayan bugu, kamar zai bi ƙwallon da ƙafa. Wanda ya jingina baya ba zai iya wannan takun ba.

Abu ɗaya nake roƙonka: kada ka kai gyaran nan cikin wasan ranar Asabar da abokai. Ba a fafe gora ranar tafiya. In kuna zaga ramukan wasa a Royal Golf Club, filin golf na Kumasi, tunani ɗaya ya ishe ka, wato ka gama kana tsaye a kan ƙafar hagu. Sauran ka bar wa ranakun atisaye. Ka kuma yi ƙoƙari ka kama abin kafin hunturu ya shigo, don in ƙasa ta bushe ta yi tauri, sandar da ta sauka bayan ƙwallo tsalle take yi ta daki cikinsa, kuma wuyan hannu ne ke biyan kuɗin.

Batun shekaru kuma ba zan tsallake shi ba. Ƙafar hagu ita ke karɓar duk wannan nauyi tare da murɗawa. Tiger Woods da kansa ya ci gasar US Open ta 2008 da tsinkakkiyar jijiya a gwiwar hagu da tsagewar ƙashi a ƙafar, kuma yana gamawa aka yi masa tiyata. A shekara 54, buɗe yatsun ƙafar hagu su ɗan kalli wajen da kake nufa, ƙugu zai sami hanyar juyawa ba tare da ya matse gwiwa ba. In dunduniyar hagu tana so ta ɗan tashi yayin da kake jan sanda baya, ƙyale ta, mayar da ita ƙasa ma shi ne zai fara maka saukowar. Idan kuwa gwiwar ta kumbura ko tana yi maka suka, koma wa likitan da ya turo ka fili kafin ka ci gaba.

TAMBAYA: Malam, ni ɗaliba ce a Accra, ina koyon golf a filin Achimota. Da na fara mayar da nauyi ƙafar hagu, sandunan ƙarfe sun gyaru, amma babbar sandar da ake fara rami da ita ta lalace min. Ƙwallo sai ya tashi sama ɗoɗar ya faɗo kusa, har saman sandar ya yi zane.

Wata ɗaliba, daga Nima

AMSA: 'Yata, kin yi rabin aikin, kuma shi ne rabin mai wuya. Abin da ya faru shi ne kin tafi hagu da jikinki duka, har da kai da ƙirji. Sandar ƙarfe tana yafe wannan, don ita saukowa take so. Babbar sanda kuwa ƙwallonta a kan ɗan turke yake, sharo shi ake yi, sanda tana daidai ƙasa ko ta fara tashi. Da kika kawo ta a tsaye, sai ta shige ƙarƙashin ƙwallon, samanta ya dake shi, zanen da kike gani ke nan. Sa ƙwallon daidai cikin dunduniyarki ta hagu, buɗe ƙafafu kaɗan fiye da faɗin kafaɗa, ki bar kafaɗar dama ta ɗan fi ta hagu sauka. Ƙafar hagu za ta danna ƙasa kamar yadda kika koya, ƙugu ya tafi gaba ya juya, amma kanki ya tsaya a bayan ƙwallon har sai ya bar wurin. Tsayin turken kuma, in kin ajiye sandar a ƙasa a bayansa, rabin ƙwallon ya leƙo sama da kanta. Gwada haka sati biyu ki rubuto min inda ƙwallon yake sauka.