Shago a ƙasa, gida a sama: takardar EPC ɗaya ko biyu?

Wani Alhaji ɗan kasuwa da ke zaune a Ingila ya turo min tambaya, ya ce yana shirin sayen bene mai hawa biyu, ƙasa shago ne sama kuma gidan kwana, niyyarsa ya ba da haya duka biyun. Mai sayarwa ya nuna masa takardar EPC guda ɗaya ta shagon, wato takardar da ke nuna matakin gini wajen tattalin makamashi, daga A mai kyau zuwa G mafi muni, an rubuta D, ya ce ai ita ta ɗauke komai. Shine yake tambaya ko hakan ya wadatar.

Alhaji, kafin ka sa hannu a komai ka koma ka tsaya gaban ginin ka duba ƙofa. Da gaske nake, ƙofa. Idan mai gidan sama yana da tasa ƙofar daban, ko daga titi ko ta gefe, zai hau matakala ya shiga ɗakinsa ba sai ya ratsa ta cikin shago ba, to a wurin hukuma wurare biyu ne kuma takarda biyu kake bukata, ɗaya ta gida ɗaya ta wurin kasuwanci. Idan kuwa ba hanyar hawa sama sai ta bayan kanta, ta cikin shagon, to ana lissafa shi gini ɗaya ne a yi masa takardar wurin kasuwanci guda. Amma kai da kake so ka ba wani daban hayar sama, ai ba za ka so ɗan haya ya riƙa wucewa ta cikin kayan mai shago da tsakar dare ba, ka ga dai dole a fitar masa da ƙofa, da zarar an fitar kuwa maganar takarda ta biyu ta taso.

Kuma wannan D ɗin da aka nuna maka kar ta ruɗe ka, don ba ma'auni ɗaya ake amfani da shi ba. Ta gida tana duba kuɗin da mai zama zai kashe wajen ɗumama ɗaki da ruwan zafi da fitilu, maki na hawa sama abin na kyau, daga A zuwa G. Ta shago kuma hayaƙin carbon take lissafawa, can ƙaramin lamba shine mai kyau. Hatta masu zuwa duba ginin ma lasisinsu daban ne, wanda ke duba gidaje ba lallai yana da izinin duba shago ba, ka tambaye shi tun a waya kar ya zo ya karɓi kuɗin zuwa a banza. Shago zai iya samun D alhali gidan sama yana F, musamman tsohon gini da rufinsa ba abin riƙe zafi kuma hita ta lantarki ce a bango.

A nan kuɗinka yake. A Ingila da Wales tun 1 ga Afrilu 2018 ba a ba da sabuwar haya idan gini ya gaza E. Daga Afrilun 2020 dokar ta hau kan duk gidajen haya har da waɗanda tuni akwai mutane a ciki, shaguna da ofisoshi kuma daga Afrilun 2023. Tarar gida tana iya kaiwa fam 5,000, ta wurin kasuwanci kuwa ana ɗaura ta ne da ƙimar da hukuma ta yi wa shagon don haraji, tana iya kaiwa har fam 150,000. Wato in sama ta fito F ko G, ka sayi hawa guda da ba za ka ci kuɗin hayarsa ba sai ka gyara, ga banki can yana jiran nasa duk wata.

Akwai sassauci dai. A ɓangaren gida, in ka kashe fam 3,500 kan gyaran da aka ba da shawara bai kai E ba, za ka iya yin rajistar uzuri na shekara 5. A shago kuma ana duba ko gyaran zai mayar da kuɗinsa cikin shekara 7. Sai dai uzurin da tsohon mai gini ya yi rajista ba ya binka in ka saya, naka za ka nema. Ni dai ban cika son ɗan kasuwa ya gina lissafinsa kan uzuri ba, don gwamnati ta daɗe tana maganar ɗaga matakin zuwa sama da E.

Abin da zan yi in ni ne kai: in shiga shafin gwamnati na gov.uk inda ake ajiye takardun EPC, kyauta ne, in sa adireshin ginin in ga ko gidan sama yana da tasa, in kuma duba ranar da aka yi ta shagon tunda shekara 10 take yi ta mutu. In babu, lauyanka ya gaya wa mai sayarwa ya kawo, shi doka ta ɗora wa nauyin samar da ita lokacin sayarwa ba kai ba. Takardar tana zuwa da jerin gyare-gyaren da mai dubawa ya ba da shawara, ka ɗauki jerin nan ka kai wa magini ya yi maka farashi, sai ka koma teburin ciniki da shi a rage maka daga kuɗin ginin. Sau da yawa shimfiɗa abin riƙe zafi a cikin rufi da canja fitilu zuwa LED ba sa cin kuɗi sosai, inda aljihu ke jin jiki shine tagogi da canja injin ɗumama gida.

Ka kuma leƙa ka ga mitar wuta da ta gas, ɗaya ce ko kowa da tasa, don in ɗaya ce rigimar bil tsakanin mai shago da mai gidan sama kanka za ta ƙare. In ginin a Scotland yake ka sake turo min saƙo, can dokarsu daban ce.