Yi wa motar waje kwalliya: sha'awa ce ko shirme?

Malam, ka ce ana yi maka dariya don ka sake wa Honda Civic ɗinka fenti da rim, kana tambaya ko sha'awa ce ta mutunci. Ni dai ban ga aibunta ba. A Japan har baje koli ake yi duk shekara, Tokyo Auto Salon, saboda irin wannan. Wanda ya taɓa manna ledar kwalliya a bonet, yana korar kumfar iska da ɗan katin roba har ta kwanta luf, ya san aiki ne na hannu da haƙuri.

Inda nake ja da baya shi ne sunkuyar da mota har ta riƙa gogar ƙasa. Kuma don Allah kar ka duhunta fitilun baya, na bayanka da su yake ganinka da dare.