Tambaya da Amsa: Shin Maus Mai Tsada Ya Cancanci Kuɗinsa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da ƙaramin shagon buga takardu da zanen katin biki da fasta a Zariya, kuma nakan yini a gaban kwamfuta tun safe har bayan la'asar, galibi a kan CorelDRAW da Word. A bana kaɗai na canza maus sau uku, dukansu masu araha: ɗaya wayarsa ce ta tsinke ta ciki, biyu kuma suka fara danna abu sau biyu alhali sau ɗaya na taɓa. Da na koma kasuwa, mai shago ya nuna mini wani wanda kuɗinsa ya ninka na wanda na saba saye fiye da sau goma, ya ce idan na saya na huta. Ƙanena kuma ya ce in sayi irin na 'yan wasan gem mai fitilu, wai ya fi gudu. Shin akwai bambanci na gaskiya, ko suna kawai ake sayar mana?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Bambanci akwai shi, amma ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da farashi. Tazarar da ke tsakanin maus marar suna da ake zubawa a kwali a gaban shago da maus na tsaka-tsaki daga kamfanin da aka sani tana da faɗi ƙwarai, kuma hannunka zai shaida ta tun ranar farko. Tazarar da ke tsakanin na tsaka-tsakin da mafi tsada kuwa siririya ce, mutane ƙalilan ne kawai aikinsu ke kai su inda za su ji ta. Mai shagon ya faɗi gaskiya cewa lokaci ya yi da za ka bar masu arahar nan, sai dai ya tsallake da kai matakin da ya fi dacewa da aikinka.

Domin a gane inda kuɗin ke shiga, sai an san abin da ke cikin wannan na'ura da wasu ke kira ɓeran kwamfuta, wasu kuma linzamin kwamfuta. Na farko da aka ƙera a shekarar 1964 a cibiyar bincike ta Stanford da ke Amurka, bisa tunanin Douglas Engelbart, ɗan akwatin katako ne mai tayoyi biyu a ƙarƙashinsa. Daga baya aka koma mai ƙwallon roba, wanda tsofaffin ma'aikatan ofis za su tuna yadda ake buɗe shi a kankare dattin da ya daskare a ciki. Na yanzu ba ya da ƙwallo. A cikinsa akwai 'yar fitila da ke haska teburin, da wata 'yar kyamara da ke ɗaukar hoton saman teburin sau dubbai a kowane sakan, sannan ta kwatanta hoto da wanda ya gabace shi ta gane inda hannu ya nufa. Wannan kyamarar ita ce idon maus. Bayan ido akwai ƙananan makunnai a ƙarƙashin maɓallan da kake dannawa, da tayar da ake murzawa don hawa da sauka a shafi, da waya ko na'urar aika saƙo ta iska, sai kuma gangar jikin da tafin hannu ke kwanciya a kai.

Bari in fara da abin da ƙanenka ya kawo, domin a nan ne aka fi cin kuɗin mutane. Lambar da ake bugawa da manyan haruffa a jikin kwali ita ce DPI, wato yawan ɗigon da kibiyar za ta ratsa a fuskar kwamfuta idan ka matsar da maus inci ɗaya. Fuskar kwamfuta da aka fi amfani da ita a yau tana da ɗigo 1,920 daga hagu zuwa dama. Ke nan maus mai DPI 1,000 zai kai kibiyar daga wannan gefe zuwa wancan da motsin da bai kai inci biyu ba, kimanin santimita biyar. Akwai maus na wasa da kamfanin Logitech ke yi mai kaiwa 25,600, na kamfanin Razer ma akwai masu kaiwa 30,000. Idan da za ka sa shi a kan 25,600 ɗin, motsin da bai cika milimita biyu ba zai jefa kibiyar daga bango zuwa bango, kuma babu wanda zai iya daidaita harafi a kan katin biki da irin wannan. Su kansu 'yan wasan da ke gasa a kan kuɗi yawancinsu tsakanin 400 da 1,600 suke ajiye nasu. Abin da ya sa idon waɗannan maus ɗin ya fi kyau shi ne ba ya ɓatan hanya idan an fizgi hannu da ƙarfi, kuma ba ya ƙara wa motsi ko rage masa. Mai zane ba ya fizgar hannu irin haka.

Lamba ta biyu ita ce yawan rahoton da maus ke aika wa kwamfuta a sakan ɗaya. Na ofis yakan aika sau 125, wato rahoto ɗaya a kowane kashi 8 cikin dubu na sakan. Na wasa yakan aika sau 1,000, kuma tun 2021 aka fara sayar da masu aikawa sau 8,000. To amma fuskar kwamfuta ta gama-gari sau 60 take sabunta hoto a sakan, kowane hoto yana zama kusan kashi 17 cikin dubu na sakan kafin wani ya maye gurbinsa. Ashe ko na ofis ɗin ya riga ya kai rahoto sau biyu kafin allon ya canza sau ɗaya. Wanda ke da allo mai sabuntawa sau 240 ko 360, yana fafatawa da abokin hamayya inda ƙiftawar ido ke raba nasara da faɗuwa, shi ne ke da hujjar biyan kuɗin wannan gudun. Fitilun kuwa ado ne, kuma a marar waya batir suke sha.

Matsalar da ta addabe ka, wato danna sau biyu, tana fitowa ne daga makunnin da ke ƙarƙashin maɓalli. A cikinsa akwai wani siririn ƙarfe mai lanƙwasa wanda ke taɓa wani ƙarfen idan ka danna. Da tafiya ta yi tafiya, ƙarfen yakan gaji, wurin haɗuwar kuma yakan yi tsatsa ko datti, sai taɓawa ɗaya ta riƙa yankewa tana dawowa, kwamfuta ta ɗauka sau biyu aka danna. Masu ƙera makunnai, irin su Omron na Japan, suna rubuta adadin dannawar da suke sa ran makunni zai jure: akwai na miliyan 10, na miliyan 20, har na miliyan 50. Idan muka ƙaddara kana danna maus sau 5,000 a yini, kwana 300 a shekara, ka yi miliyan ɗaya da rabi ke nan, don haka a lissafin takarda makunnin miliyan 10 zai kai ka shekara shida da ɗoriya. Maus ɗin da suka mutu maka cikin 'yan watanni ba su da makunni mai wannan daraja, kuma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Sai dai dole in gaya maka abin da mai shago ba zai faɗa ba: tsada ba ta hana wannan ciwo. An sha ganin maus masu tsada da makunnin miliyan 50 sun fara danna sau biyu tun ba su yi nisa ba, domin lambar da ake rubutawa gwajin inji ce a ɗaki mai tsabta, ba ta san ƙurar hunturu da gumin bazara da ɓurɓushin takarda na shagon ɗab'i ba. Wannan ne ya sa wasu kamfanoni suka koma makunni mai aiki da haske, inda dannawa ke buɗe ko tare wani ɗan haske maimakon ƙarfe ya taɓa ƙarfe, kuma irin wannan ba ya kamuwa da ciwon ta wannan hanyar. A masu tsada aka fi samunsa. Ga wanda ke da maus mai kyau da ya fara wannan hali kuwa, makunnin abu ne mai ƙafa uku da aka liƙa da dalma, duk mai gyaran waya ko rediyo da ya iya riƙe ƙarfen dalma zai iya cire shi ya sa sabo, kuma kuɗin bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da sayen wani.

Inda nake ganin kuɗi ke yin aikinsa da gaske shi ne siffar jiki, kuma abin mamaki shi ne ba a rubuta ta da manyan haruffa a kwali. Mutumin da ke riƙe abu awa takwas a yini, idan abin ya yi wa hannunsa kaɗan, yatsunsa za su yini a tanƙware suna matse shi, wuyan hannu kuma yana goga teburi. Yawancin masu araha ƙanana ne, samfuri ɗaya ga kowa, tun daga yaro har ƙaton namiji. Kamfanonin da suka ɗauki abin da muhimmanci suna yin girma daban-daban: Logitech M650, misali, yana zuwa da matsakaici da babba, har da na bahago. Akwai kuma masu tsayuwa a karkace, irin MX Vertical da aka karkata da digiri 57, ta yadda hannu zai zauna kamar mai shirin yin musabaha maimakon ya kife. Wasu suna samun sauƙin gajiya da shi, wasu kuma ba sa sabawa, musamman a aikin zane mai buƙatar ƙananan motsi. Ba magani ba ne, kuma wanda yatsunsa ke yin sanyi ko tsami ko wuyan hannunsa ke ciwo da dare, likita ya kamata ya gani kafin mai shago.

Ban san takamaimai wanda aka nuna maka ba, amma a ajin masu aikin ofis da zane ɗaya daga cikin waɗanda suka yi suna shi ne MX Master 3S na Logitech, wanda ya fito a 2022 a kan dala 100 ba kaɗan. Abin da mai saye ke samu a nan shi ne tayar ƙarfe mai aiki da maganaɗisu da ke iya ratsa layi 1,000 a sakan, da taya ta biyu a wurin babban yatsa don tafiya hagu da dama, da ido mai gani ko a kan gilashi, da damar haɗa shi da kwamfuta uku a riƙa sauyawa da maɓalli ɗaya, da batirin da kamfanin ya ce yana kai kwana 70 a caji guda. Mai haɗa bidiyo, ko akanta mai yawo a cikin dogayen jadawalin Excel, ko mai aiki da kwamfutar teburi da ta hannu lokaci guda, zai mori waɗannan kullum. Nauyinsa giram 141 ne, ya ninka na 'yan wasa irin G Pro X Superlight wanda bai kai giram 63 ba, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna maka cewa masu tsadar ma ba abu ɗaya suke sayarwa ba: ɗaya an cika shi da kayan aiki, ɗayan an kwashe komai daga cikinsa don ya yi sauƙin fizga. Wanda ya sayi irin wannan na wasa mai tsada don aikin ofis ya biya kuɗi mai yawa ne domin a cire masa abubuwan da yake buƙata.

A naka aikin, abin da zai rage maka wahala shi ne maɓallai biyu na gefe da za ka iya ɗora musu umarnin da ka fi maimaitawa, kamar soke abin da ka yi na ƙarshe ko kwafa da liƙawa, da taya mai tsayawa daram a inda ka bar ta lokacin da kake zuƙo zane, da girman da ya cika tafin hannunka. Duk waɗannan ana samunsu a maus na tsaka-tsaki, kamar M650 da na ambata, ko G102 na Logitech mai waya, wanda ko da yake an yi shi don wasa, yana da maɓallai shida da ido mai kyau. Tunda kwamfutarka a teburi ɗaya take zaune, mai waya ya wadatar, kuma ya raba ka da neman batir a tsakiyar aikin kwastoma. Tsinkewar waya galibi a wuyan maus take faruwa, inda ta fito daga jiki, saboda haka kada ka riƙa naɗe ta a jikinsa idan za ka rufe shago, kuma ka bar mata sarari a bayan teburi kada ta riƙa ja.

Idan kuma ka zaɓi marar waya, ka lura cewa ɗan kan da ake sokawa a ramin USB yana aiki ne a kan zangon rediyo na 2.4 GHz, kuma ramukan USB 3.0, waɗanda galibi cikinsu shuɗi ne, suna fitar da hayaniyar da ke shiga wannan zangon idan akwai filashi ko wani ma'ajin bayanai na waje a jikinsu. Mutane da dama sun jefar da maus mai lafiya saboda kibiya na tsalle, alhali da sun mayar da ɗan kan zuwa wani rami nesa da filashin, da an wuce wurin. Haka ma teburin gilashi ko fomeka mai sheƙi yakan rikita ido na gama-gari, kuma 'yar shimfiɗar yadi ta maus tana warware wannan da kuɗi kaɗan, tana kuma rage cinyewar santsin da ke ƙarƙashin ƙafafunsa.

Abu na ƙarshe da zan ja hankalinka a kai shi ne jabu, domin sanannun sunaye su aka fi kwaikwaya, kuma kwalin jabun yakan yi kama da na asali har a rasa bambancewa. Idan farashin ya yi ƙasa sosai da yadda aka san shi, akwai dalili. Ka tafi da kwamfutarka ta hannu, ko ka nemi mai shago ya yarda da sharaɗin dawowa, ka sauke manhajar kamfanin daga shafinsa na intanet, wato G HUB ga na wasa ko Options+ ga na ofis idan Logitech ne, sannan ka haɗa maus ɗin. Na asali manhajar za ta gane shi ta nuna sunansa da hotonsa ta ba ka damar sauya aikin maɓallansa, jabu kuwa kibiya za ta motsa amma galibi manhajar ba ta ganinsa. Kafin ka biya, ka ɗora hannunka a kansa na ɗan lokaci kamar yadda kake yi a shago, ka duba ko ƙaramin yatsanka yana jan teburi, ka kuma karɓi rasiɗi mai ɗauke da lambar da ke rubuce a jikin maus ɗin.