Filin Tambayoyi: Me Ya Sa Masu Kallo Suka Rabu a Kan Wannan Tsohon Fim?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Abokaina da muke kallo tare sun saɓa a kan fim ɗin Double Indemnity. Wasu sun yabe shi, wasu kuwa sun ce duhu ya yi masa yawa, kuma tun farko ya tona wanda ya yi kisan, har babu sauran abin jira. Ra'ayin wa zan ɗauka? Daga wani mai karatu a Tudun Wada, Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kafin ka ɗauki sharhin kowa, ka binciki abin da ya zauna yana tsammanin gani, domin yawancin masu kushe wannan fim sun zo ne neman labarin gano mai laifi, alhali Billy Wilder, wanda ya ba da umarninsa a 1944, bai yi nufin haka ba. Da gangan aka buɗe shi da Walter Neff, dillalin inshora, yana zaune da raunin harsashi a ofis cikin dare, yana ikirarin laifinsa a na'urar ɗaukar murya. Abin jira shi ne yadda mutum mai aiki da mutunci ya yarda wata matar aure ta ja shi suka kashe mijinta, saboda inshorar da ke biyan ninki biyu idan mutum ya mutu a haɗarin jirgin ƙasa.

Wurin da ya fi burge ni shi ne inda asirin ya fara tonuwa. Mijin ya karye a ƙafa kafin a kashe shi, amma bai nemi diyya ba, sai mai binciken kamfanin, wanda Edward G. Robinson ya fito a matsayinsa, ya tambayi kansa dalili, har ya fahimci cewa mamacin bai ma san an yi masa inshorar ba. Mai binciken nan kuwa aminin Neff ne, kullum Neff ke ƙyasta masa ashana ya kunna taba, bai taɓa zarginsa ba.

Duhun ma ba rashin kayan aiki ba ne. Hasken da ke ratsowa ta tsagogin taga yana zana layuka a jikin mutane kamar ƙarafan kurkuku, kuma irin wannan salo ne ya sa masu sharhi a Faransa suka laƙaba wa waɗannan fina-finai sunan film noir, wato fim mai duhu, a 1946.

Masu cewa yana tafiya a hankali suna da ɗan gaskiya, musamman ga wanda ya saba da waƙa da faɗa, domin hira ce ke ɗauke da shi. Ka kalle shi da dare, ka kunna rubutun fassara da ke fitowa a ƙasan allo, kuma ka sa ido a kan fuskar Barbara Stanwyck, wadda ta fito a matsayin matar, a cikin mota lokacin kisan, domin ita kaɗai kyamara ta nuna.