Kar Ka Yi Mata Fomatin Tukuna

Jiya muna rufe shago ka tambaye ni dalilin da ya sa laftof ɗin mutumin nan na Maamobi take kawo shuɗin allo duk sanda ya zare wayarsa daga kebul bayan ya ja intanet da ita, kuma ko ka yi mata fomatin kowa ya huta. Kar ka yi, ɗana. In ka yi yau, kafin Juma'a zai dawo mana da ita ransa a ɓace, don cutar ba a cikin fayilolinsa take ba.

Direba ce ke kashe ta. Ba irin na trotro ba, ƙaramar manhajar nan da ke tafinta tsakanin Windows da abin da aka soka a ramin USB. Chrome in ya rikice shi kaɗai yake rufewa, don a waje yake zaune. Direba kuwa a cikin kanel take, wato ƙuryar ɗakin tsarin, inda babu mai tsawata mata. Ta taɓa inda ba nata ba, Windows da kansa yake tsayar da komai, gudun kada ɓarnar ta kai ga faifai.

Me ya sa sai an zare kebul? Ka san gidajen haya na nan Nima. Ɗan haya ya aiki kayayo Makola ta ɗauko masa kaya, kafin ta dawo ya tattara ya tashi, mai gida kuma ya ba wani mutum ɗakin. Ita ba ta sani ba, ta zo ta jibge buhu a kan gadon baƙo. To haka yake. Lokacin da aka fizge waya, akwai saƙonnin da direba ta aika ba su dawo ba, akwai aikin da ta ajiye sai an jima. Direba ta gari sai ta kira 'yan aikenta duka, ta jira su, sannan ta saki gurbin memori. Mai gaggawa tana saki tun suna hanya, su dawo su rubuta a wurin da ya riga ya zama na wani. Shi ya sa ba kullum take mutuwa ba. In ɗakin bai samu sabon mai haya ba, buhun ya faɗi a ƙasa, babu wanda ya ji.

Kwamfuta ba ta mutuwa ba wasiyya, ita ce kuma fomatin ke gogewa. Buɗe C:\Windows\Minidump, inda Windows ke ajiye bayanin faɗuwarsa, ɗauki fayil na ƙarshe, sa shi a WinDbg, manhajar da ke karanta irin wannan fayil, ka buga !analyze -v. Sau da yawa a irin wannan za ka ga DRIVER_IRQL_NOT_LESS_OR_EQUAL, mai lamba 0xD1, da sunan wani fayil mai .sys a ƙarshe. Amma kar ka kama wanda ka fara gani. In ya ce ndis.sys, fayil ɗin Windows mai kula da haɗin intanet, galibi shi aka tarar tsaye kan gawa, wani ne ya yi aika-aikar. Duba jerin waɗanda suka kira juna kafin faɗuwar. In abin ya ƙi fitowa akwai Driver Verifier, kayan aikin Windows mai sa ido kan direbobi, sai dai ka kunna shi kan direbar da kake zargi kaɗai. Ina yaro na taɓa kunna shi kan duka, kwamfutar mutane ta ƙi tashi, na kwana a shago.

Ɗaliban Legon da ke kawo mana Ubuntu, wato wani nau'in Linux, nasu ya fi sauƙi. Buga journalctl -k -b -1, ka ga abin da kanel ya faɗa kafin a sake kunnawa, ka nemi inda aka rubuta Call Trace. Sunayen direbobin za su zama maka 'yan gari: rndis_host ko cdc_ncm na wayar Android, ipheth na iPhone, r8152 da ax88179_178a na adaftar da ke mai da USB kebul ɗin intanet. RNDIS ɗin nan, da rndis_host ke aiki da ita, tsohuwar hanyar Microsoft ce ta jan intanet ta USB. A 2022 Greg Kroah-Hartman, mai kula da ɓangaren USB na Linux, ya nemi a kashe direbobinta saboda rashin tsaro. Ni ma in waya tana iya NCM, wato hanyar cdc_ncm, shi na fi so.

Adafta kuma, manta da sunan da ke jikin kwali. Abin da ke ciki shi ne magana: buga lsusb a Linux, ko ka duba Hardware Ids a Device Manager na Windows, ka ga lambar kamfanin da ya ƙera shi. 0bda Realtek ne, 0b95 ASIX. Sauko da direba daga wurinsu. In kuma mai ita ya ce bayan sabuntawa abin ya fara, mayar da tsohuwar.

Wani zarewar ba hannu ke yinsa ba. Ramin da ya saki, ko kebul mai ciwo a wuya, yana yankewa ya dawo ido bai gani ba. USB 2.0 miliyamfa 500 yake bayarwa, USB 3.0 kuma 900, don haka in an jera adafta da faifai da waya kan hob ɗaya, wato abin da ke raba ramin USB ɗaya ya zama da yawa, wani zai faɗi. Dumsor ma haka: wuta ta ɗauke, laftof na kan batir, hob mai cin wutar bango ya mutu, a wajen direba an fizge kebul kenan. Sai barci: Windows na kwantar da ramin USB don tsimin batir, wasu direbobin kuma ba su iya farkawa ba. Kashe USB selective suspend a saitin wuta ka gwada.

Gobe da safe kafin na iso, kwafe Minidump ɗin a filashi. Sa laftof ɗin ta sauke babban fayil ta wayarka, ka zare ana tsakiyar saukewa, ka yi ta yi har ta faɗi a gabanka. Sannan canja kebul ka sake, canja rami ka sake, abu ɗaya-ɗaya, kana rubutawa. In mai ita ya kira, ce masa sai bayan la'asar.