Dolph Briscoe: mai garken shanu a majalisar jihar Texas

Malam, ka tambaya ko a Amurka an taɓa samun mai kiwon shanu da ya shiga majalisar dokokin jiha har ya yi abin a zo a gani. An samu, kuma Dolph Briscoe ya ishe ka misali.

An haife shi a garin Uvalde na jihar Texas a 1923. Kiwon nasu ba na yawo ba ne. Fili ne makeke da aka kewaye da waya, shanu na ciki. Ya shiga majalisar wakilan jihar a 1949 ƙarƙashin jam'iyyar Democrat, ya zauna har 1957.

Abin da ya fi burge ni shi ne dokar Colson-Briscoe ta 1949, wadda yana cikin waɗanda suka gabatar da ita, kuma ta ware dala miliyan 15 duk shekara don shimfiɗa titunan karkara daga gona zuwa kasuwa. Mutumin da ya san yadda motar shanu ke kafewa a taɓo in ruwa ya sauka, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Bayan rasuwar mahaifinsa a 1954 sai hankalinsa ya koma kan dukiyar gida. A 1960 ya shugabanci ƙungiyar makiyayan Texas, ya tara kuɗi don yaƙar wata tsutsar ƙuda da ke cin naman dabba tana raye. Dabarar kuwa, a saki mazan ƙudajen da aka hana haihuwa har zuriyar ta ƙare.

Ya zama gwamna daga 1973 zuwa 1979, amma John Hill, babban lauyan jihar a lokacin, ya kayar da shi a zaɓen fid da gwani na 1978. Ya rasu a 2010.