Amsa ga Yaya kan jinyar Hajiya a gida

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ku yi haƙuri da muryata, yanzu na sauko daga aikin dare. Yaya, na saurari saƙonki, kin ce an sallamo Hajiya bayan shanyewar ɓarin jiki, ba ta iya juyawa da kanta, kina tambayar me za ku riƙa yi mata a gida. Allah Ya ba ta lafiya, Ya sa kaffara ne.

To, magani dai likita ya rubuta, ku bi shi yadda ya ce. Amma wallahi cikin abubuwan da ke dawo mana da irin su Hajiya asibiti akwai gyambon kwanciya. Idan nauyin jiki ya daɗe a wuri guda, jini ba ya isa fatar wurin, sai naman ya fara mutuwa tun daga ciki, kafin ku farga rami ya buɗe. Don haka duk bayan awa 2 a juya ta: dama, baya, hagu. Har da dare fa. Na san akwai wahala, shi ya sa ku raba kwanan tsakaninku, kada ki ce ke kaɗai za ki iya. Ki sa ƙararrawa a waya. A sa filo tsakanin gwiwoyinta, wani kuma ƙarƙashin ƙafa yadda diddige zai tashi daga katifa.

Kullum wajen wanka ki duba gindin baya, ƙugu, diddige, kafaɗa da ƙeya. A makaranta an koya mana a nemi wurin da ya yi ja, amma a fatarmu jan ba ya fitowa sosai. Ke dai ki lura da inda ya fi sauran jiki duhu, ko ya ɗau zafi, ko ya yi tauri. Kin ga haka, kada ki murza shi, kada a shafa toka ko man shanu, a ɗauke nauyi daga kansa kawai a nuna wa ma'aikacin lafiya. Zanen gado kuma kada ya tattare, in ya jiƙe da fitsari a canza nan take.

Sai abinci. Kada a taɓa ba ta tana kwance. A zaunar da ita sosai, cokali kaɗan-kaɗan, kuma kunu mai kauri ya fi ruwa zalla sauƙin haɗiya gare su. In ta ƙware ko tana tari, a dakata, domin abinci yana iya zarcewa huhu ya jawo namoniya. Bayan ta gama, ta zauna minti 30 kafin a kwantar da ita.

Wanke hannu da sabulu, daƙiƙa 20, kafin ki taɓa ta da bayan kin gama. Ki sayi ma'aunin zafin jiki a kemis, in ya kai 38 ku tafi asibiti.

Af, kuma idan za ki sauya mata kaya, ki tura ƙofa, ki fitar da yara, ki gaya mata abin da za ki yi. Ko bakinta bai fita, tana jin ku sarai.

Bari in ɗan kwanta. Da la'asar ki kira ni ta bidiyo in nuna miki yadda ake juyawa da zani, don kada ku riƙa jan hannun da ya shanye, kafaɗar tana saurin gocewa.